Bangon da Ya Girmi Unguwa

Ku gyara zama, na tsaye ya nemi wuri. Amma kada kowa ya jingina da bango sai na gama, za ku ji dalili.

A wani layi mai shaguna jere da juna, an yi wani dattijo da ake kira Ba-Wuya. Yana da sunansa na gaskiya, amma ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno shi. Duk abin da aka ambata a gabansa, gyaran agogo ne ko cire haƙori ko tuƙin jirgin sama, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Wannan? Ai ba wuya!" Ya taɓa gyara rediyon mai shayin layin, tun daga ranar rediyon ba ya magana sai an kwantar da shi rigingine. Mutum ne kuma mai son aro. Idan ya ari abu, mai abin yakan bi shi da kallon bankwana, don in an je karɓa, ko dai ya rantse ya mayar, ko ya ce ɓarayi sun shigo.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ɗakinta ne ke kallon titi. Bangon ɗakin nan Ba-Wuya ne ya gina shi da kansa shekarun baya, bayan ya kori magina ya ce ba su san aiki ba. Da zai yi ginin ma sai da ya kewaye wurin da tsofaffin kwanon rufi, wai kada a sace masa fasaha. Yanzu bangon ya yi ciki ya turo waje, ga wata tsaga da ta taso daga ƙasa har kusa da rufi, wadda in Gwaggo ta kwanta tana iya ganin ƙafafun masu wucewa. Saboda haka ta daɗe tana tara bulo kaɗan-kaɗan a tsakar gida, ƙaninta magini kuma ya yi mata alkawarin zai zo ya rushe ya sake sabo kafin ruwan sama ya sauka. Shi kuwa Ba-Wuya ɗakinsa na can ciki, ga fanka, ga katifa mai laushi, ga rufi da ko ɗigo ba ya yi.

Ana nan sai wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shagon Tela, maƙwabcin Ba-Wuya. Wata jami'a mai tabarau daga ofishin adana kayan tarihi ta fito da ma'aikata, suka kafa wani ɗan allon ƙarfe shuɗi a jikin shagon. An rubuta cewa a nan aka fara ɗinki da keke a duk garin, a hannun kakan Tela. Aka fito da tsohon keken ɗinkin aka ɗauki hotonsa. Jami'ar ta shafa shi ta ce, "Kash! Da a ce hannun da ake juya shi yana nan, da ya cika."

Tela ya ce, "Hannun ya daɗe da ɓata, Malama. Har na gaji da nema."

Ba-Wuya yana zaune a bencin mai shayi yana kallo, shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Ya ga 'yan makaranta sun tsaya suna karanta allon, ya ga Tela yana ta gyara hula kamar shi ya ƙera keken.

"Ɗan wannan allon ne ake wa taro?" in ji shi. "Ai ko murfin tukunyar Gwaggo ya fi shi faɗi."

Mai aski, wanda shagonsa ke tsallaken titi, ya ce, "To kai ina naka, Baba?"

"Nawa? Ni da nake da abin da ya girmi unguwar nan kaf?"

"Mene ne shi? Hularka?"

Ba-Wuya ya miƙe ya nuna bangon ɗakin Gwaggo da sanda. "Ga shi can. Kakan kakana ne ya gina shi, tun nan wurin yana daji."

Mai shayi ya ajiye butarsa. "Haba Baba, ka ji tsoron Allah. Ni fa na ba ka aron bokitin da ka kwaɓa simintin. Bokitin ma har yau ban gan shi ba."

"Fatar waje na yi masa, yaro. Riga na sa masa. Tsohon bangon yana ciki. Duk tarihin a ciki yake."

"Kakan kakan naka shi kaɗai ya gina?" in ji mai aski.

"Shi kaɗai. Da hannu ɗaya ma."

"Ɗaya hannun fa?"

"Yana korar zaki da shi."

Aka kwashe da dariya har Tela ya leƙo. Ba-Wuya bai tsaya ba, ya shiga gida ya sa babbar rigarsa ya nufi ofishin tarihi. Kafin ya isa labarin ya ƙara ƙiba a hanya: zakin ya zama biyu, an kuma yi wata ambaliya da ta cinye gari ta zo gindin bangon ta ji kunya ta koma. Jami'a mai tabarau ta saurare shi da ladabi, ta ce za ta zo ta gani da idonta, in bangon ya nuna alamun tsufa sai a duba maganar allo. Ta sa masa rana.

Ya dawo gida ya tarar da magini, ƙanin Gwaggo, tsaye da guduma yana auna bangon da ido.

"Kai! Ajiye gudumar nan!" in ji Ba-Wuya. "Wa ya ce ka taɓa kayan tarihi?"

"Wane tarihi, Yaya? Bangon nan ko tari aka yi kusa da shi sai ya amsa."

"Shekaru ne suka sa ya sunkuya. Kai ma in ka kai shekarunsa za mu ga tsayuwarka."

Gwaggo ta fito tana goge hannu da gefen zani. "Malam, ruwa ya kusa. Ga bulo, ga mai aiki ya zo kyauta. Ka bar shi ya yi."

"Maman yara, ke ba ki san darajar inda kike kwana ba. Nan gaba sai mutane sun zo daga nesa don su ga ɗakinki."

"Ai yanzu ma suna gani, ta tsagar nan."

Magini ya saɓa gudumarsa. "Ni dai ina da wani babban aiki a bayan gari. In na tafi sai bayan damina. Yau ne kaɗai nake da sarari."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Ba-Wuya.

Gwaggo ta bi ƙaninta da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba. "To ka ji da kyau, ga mai shayi shaida. Ranar da bangon nan ya faɗi, ɗakinka zan koma, da fankar da katifar. Kai kuma ka dawo nan ka kwana da kakan kakanka."

"Na yarda! Bangon da ambaliya ta ji kunyarsa?"

Da ya zauna shi kaɗai ya ƙare wa bangon kallo, sai ya ga matsala guda. Bangon ya lalace, amma bai tsufa ba. Lalacewa daban, tsufa daban. Ya ce a ransa, tsufar da bango ai ba wuya.

Ya fara da hayaƙi. Ya tara tsummokara da wata tsohuwar tayar babur a gindin bangon ya cinna wuta, don ya yi baƙi-baƙi irin na gine-ginen da. Hayaƙin kuwa bai tsaya a waje ba, ya bi ta tsaga ya cika ɗakin Gwaggo ya fito ta taga. Mai aski ya hango, ya bar wani mutum da rabin kai ya fito yana ihun gobara. Kafin Ba-Wuya ya buɗe baki, layin gaba ɗaya ya iso da bokitai. Aka sheƙa wa bangon ruwa, aka sheƙa wa Ba-Wuya, wata maƙwabciya ma ruwan wanke-wankenta ta juye masa a ka. Gwaggo ta fito tana tari, idanu jawur.

"Malam, in gasa ni za ka yi, ka faɗa mini in yi wasiyya."

Ba-Wuya bai ji ta ba. Yana tsaye ruwa na zuba daga gemunsa, ya ƙura wa bangon ido. Jiƙewar nan ta sa ya yi duhu, ya yi wani kwarjini. "Kun gani?" in ji shi. "Ya ƙara shekara ɗari."

Daga nan ya kama ban ruwa. Safe da yamma yana zuba wa gindin bangon ruwa kamar mai lambu, wai don gansakuka ta fito, domin ya lura duk tsohon gini yana da ita. Tela ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Maƙwabci, in ya yi 'ya'ya a ɗiba mini."

"Ka ji da ɗan farantinka," in ji Ba-Wuya.

Gansakuka ta ƙi fitowa da wuri, sai ya koma wajen mai shayi ya kwashe ragowar shayin da mutane suka bari, ya riƙa shafa wa bangon da tsintsiya don ya yi ja-ja. Launin ya yi kyau, gaskiya. Abin da bai lissafa ba shi ne sukari. Ƙudaje suka fara zuwa, kiyashi suka biyo baya suka yi layi ta tsaga har kan gadon Gwaggo. Sannan awakin unguwa suka ji labari. Suka zo suna lasar bangon, wani bunsuru ya ga ana cin rabonsa ya ja da baya ya kai wa ɗan'uwansa karo, ɗan'uwan ya goce, ya samu bangon. Ƙasa ta zubo daga sama.

"Baba, bangonka ya yi motsi," in ji mai shayi.

"Numfashi yake yi. Tsofaffin gine-gine haka suke."

Saura allo. Ba-Wuya ya ce ba zai jira ɗan farantin ofis ba, shi zai yi nasa, in jami'a ta zo sai dai ta sa albarka. Ya je wajen mai walda ya zaɓi ƙofar wata tsohuwar babbar mota, ya ce a buge ta ta miƙe, a shafa mata shuɗin fenti, a rubuta da manyan baƙaƙe: WANNAN BANGO YA GIRMI UNGUWA. KAKAN KAKAN BA-WUYA NE YA GINA SHI DA HANNU ƊAYA.

Mai walda ya ce, "Baba, wannan ƙarfen ƙarti ne za su ɗaga shi. A jikin me za ka rataya?"

"A jikin tarihi."

"To a kafa masa ƙafafu a ƙasa mana, ya tsaya da kansa."

"Na Tela ƙafafu gare shi? A bango yake, nawa ma a bango."

Aka kawo allon a kura. Ba-Wuya ya hau tsani ya huda bangon da kansa, ya zura dogayen ƙusoshi masu kauri har suka ɓullo ta cikin ɗaki, daidai saman gadon Gwaggo. Ita kuwa ta dube su, ta rataya mayafinta a jikin ɗaya ta ce aƙalla an samu abin amfani. Amma da gari ya waye ranar da jami'a za ta zo, mai aski ya lura tana ta fitar da kaya daga ɗakin. Gado, akwati, madubi, duk ta jere su a tsakar gida.

"Gwaggo, tafiya za a yi?"

"Shanya nake yi," in ji ta.

Ba-Wuya ya ari kujeru, ya ari tebur, ya ari wani babban zanen gado ya lulluɓe allon, ya ɗaura masa igiya yadda ya ga ana yi. Hantsi na dubawa layin ya cika, don ba wanda ke son a ba shi labari. Jami'a mai tabarau ta iso da mai ɗaukar hoto. Ta matsa kusa da bangon, ta shinshina, ta dangwala yatsa ta duba.

"Baba, me ya sa yake ƙanshin shayi?"

"Mutanen da da shayi suke kwaɓa ƙasa, 'yata. Shi ya sa gininsu ke daɗewa."

"Kuma na ga kamar siminti ne a nan."

"Fata ce kawai. Tsohon yana ciki. Duk tarihin a ciki yake."

Bai bar ta ta ƙara tambaya ba ya hau jawabi. Zakuna suka zama garke. Kakan kakan ya ƙara tsawo har sai da ya riƙa ɗora bulon sama ba tsani. Mai aski ya ɗaga hannu ya tambaya ko a zamanin akwai bulo, Ba-Wuya ya ce a fitar da shi daga taron. Da ya gaji, ya kama igiyar ya dubi mai hoto.

"Ka shirya? Ka ɗauko ni da allon gaba ɗaya."

Ya ja. Zanen ya zame kaɗan ya maƙale a kusurwar allon, inda mai walda ya bar wani ɗan ƙarfe. Ya sake ja. Shiru.

"A kawo tsani a cire a hankali," in ji Tela.

"Tsanin me? Ai ba wuya!"

Ya naɗe igiyar a hannu, ya kafa ƙafa, ya fizga da duk ƙarfinsa. Zanen bai saki allo ba, allo bai saki ƙusoshi ba, ƙusoshi ba su saki bango ba. Gindin da aka yi ta ba ruwa ne ya saki. Bangon ya yi wata ƙara kamar tsoho zai tashi daga tabarma, ya sunkuyo a hankali. Mutane suka watse, kujeru suka kife, Ba-Wuya ya yi baya ya faɗa zaune cikin kwandon kofunan mai shayi. Sai ji aka yi rugugum!

Da ƙura ta lafa, aka ƙirga kai aka ga ba wanda ya ji ciwo. Ɗakin Gwaggo ya buɗe baki yana kallon titi, ba komai a ciki sai kalanda. Sai mai shayi ya matsa kusa da ɓaraguzan, ya sunkuya, ya jawo wani abu.

"La ilaha! Bokitina!"

Ashe lokacin da Ba-Wuya ke gini a bayan kwanon rufin nan, bulo ya ƙare masa a tsakiyar aiki. Maimakon ya faɗa, sai ya riƙa cike cikin bangon da duk abin da ya ara ya lalata, yana shafe shi da siminti. Jama'a suka afka wa ɓaraguzan kamar ana rabon gado.

"Ga ƙafar kujerar askina! Baba, ba ka ce gara ta cinye ba? Gara na cin ƙarfe?"

"Wannan ai tayar keken mijina ce, wanda aka ce ɓarayi sun ɗauke a ƙofar asibiti!"

"Fitilata!"

"Wa ke da rabin lema?"

Ba-Wuya ya miƙe yana cire cokalin shayi daga aljihu. "Ku dakata! Waɗannan kayan mutanen da ne. Kama ce kawai."

"Mutanen da sun san sunana?" in ji mai shayi, yana nuna gindin bokitin inda ya rubuta da fenti.

Gwaggo ta tako a hankali, ta ture wani ɓallin siminti da ƙafa, ta ɗauko wani dutsen guga na gawayi, hannunsa a karye. Ta daɗe tana kallonsa.

"Na mahaifiyata ne," in ji ta. "Malam, saboda dutsen gugar nan na yi shekaru ba na gaisawa da matar Tela. Kai ka ce ka ga ta fita da shi a ƙarƙashin mayafi."

Matar Tela ta dafe ƙirji. Ba-Wuya ya shiga kakkaɓe ƙurar rigarsa.

Can sai jami'a mai tabarau ta yi wata 'yar ƙara. Tana durƙushe cikin ƙura, ta tono wani ƙarfe mai lanƙwasa da mariƙin katako, tana goge shi da gefen gyalenta. Ta ce a kawo tsohon keken ɗinkin. Aka kawo, ta zura ƙarfen a gefensa, ya shige daram. Ta juya, keken ya amsa, ƙit-ƙit-ƙit, kamar jiya aka ajiye shi.

Tela ya dubi maƙwabcinsa. "Kai ka ce za ka gwada shi a injin markaɗe ka dawo mini da shi kafin azahar."

"Ban faɗi azahar ɗin wace rana ba," in ji Ba-Wuya a hankali.

Jami'ar kuwa murna kamar ta yi rawa. Ta ce yanzu keken ya cika, za a kawo baƙi daga nesa su gan shi, za a kuma sake wa Tela allo babba. Mai hoto ya juya wa Ba-Wuya baya ya shiga ɗaukar Tela.

Ana cikin haka aka ji tsawa daga gabas. Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi hadarin, ta miƙa wa mijinta tafin hannu.

"Makulli."

"Maman yara, a bari mu yi magana a cikin gida."

"Ai yanzu nan ma cikin gida ne, ka buɗe mana shi. Mai shayi, kai ne shaida."

"Ni ne, Gwaggo," in ji mai shayi, rungume da bokitinsa.

Ba-Wuya ya zaro makullin ya ba ta. Matar Tela da kanta ta kama mata gado suka shigar ɗakin fanka, suna tafe suna hirar da suka yi shekaru ba su yi ba. Aka aika wa magini, ya aiko da gaisuwa, ya ce yana nan a kan maganarsa, sai bayan damina.

Haka Ba-Wuya ya tare a ɗaki mai bango uku. Da ruwa ya fara feso masa, maƙwabta suka tausaya suka ɗaga masa allon nan suka jingina a bakin ɗakin ya tare iska, rubutun yana kallon titi. Duk wanda ya zo ganin keken Tela sai ya tsaya ya karanta cewa wannan bango ya girmi unguwa, ya duba hagu ya duba dama bai ga bango ba, sai ƙafafun wani dattijo da suka leƙo ta ƙasa.

Sabon allon Tela ya iso, an ƙara layi ɗaya a ƙarshensa, cewa hannun keken an same shi ne a cikin bangon wani maƙwabci. Ba-Wuya ya sa aka karanta masa har sau biyu, ya gyara zama a bencin mai shayi.

"Kun ji ko? Maƙwabcin nan ni ne. Ba don na adana shi ba, da tuni ya salwanta. Ni na san abin da nake yi tun farko. Adana tarihi ai ba wuya."

Ya kurɓi shayi, ya dubi sama inda hadari ke sake haɗuwa, ya juya wajen mai aski.

"Af, ba ni aron lemarka mana zuwa gobe."

Mai aski ya tashi, ya shiga shagonsa da lemar, ya kulle ƙofa ta ciki.

To, iyakar abin da ya zo kunnena ke nan. Yanzu mai son jingina ya jingina, amma ya fara tambayar wanda ya yi ginin.